Allurar Bakin Mota Za Ta Kai Mu Ta Baro



Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a kararmu, tun daga Birnin Konni da Illela har Maigatari da Mubi. Sa ya kwana yana tari, kunnuwa sun faɗi, mota kuma na jira. Sai a aiki yaro wajen mai tebur ya sayo kwalbar Terramycin wadda ta yini cikin rana, a ɗirka wa san rabin abin da ya kamata, wai don kwalba ɗaya ta ishi shanu biyar. Ya ɗan miƙe, a loda, kwana uku yana Legas an yanka. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, har da mu masu rubutun nan.

To ga inda gizo ke saƙar. Rabin allura ba ta kashe ƙwayoyin cuta duka. Raunanan su mutu, masu taurin su tsira su hayayyafa, gobe ko kwalba guda aka juye ba za su ji ba. Shi ya sa maganin da iyayenmu suka sani da tada saniya yau sai a yi ta yi kamar ana zuba ruwa. A ciwon huhu kuwa, sau da yawa tarin kawai take lafawa, dabbar ta shiga garken wani bawan Allah da cutar a ƙirji. Ciwon baki da kofato ma ba ya jin wannan magani ko kaɗan, kuɗi ne muke ƙonawa.

Kuma fa abin bai tsaya kan dabba ba. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nono, na allura mai daɗewa a jiki yakan kai mako uku zuwa huɗu. Wa ke karantawa? Dangin maganin nan ne ake bai wa 'ya'yanmu a asibiti. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba.

Wani zai ce, to in bar dukiyata ta mutu? A'a Alhaji. Amma mu tuna, bushiya da ta cinye garkunan kakanninmu rigakafi ne ya kawar da ita daga duniya a 2011.

Shawararmu ga shugabanni da sarakunan kara: dabbar da aka yi wa allura a sa mata alama, kada a loda ta sai kwanakinta sun cika. A keɓe shinge a kowace kara don marasa lafiya, ƙungiya ta ɗauki rabin kuɗin harawa, likitan dabbobi ne zai auna magani. Muna son a sa wannan batu a taro mai zuwa.