Sharhi: Ciwon Ciki Ba Na Maganin Tire Ba Ne

A kasuwar Matameye, da zarar ɗan kasuwa ya ji zafi a ƙahon zuciya, sai ya jiƙa kanwa ko ya kira mai tallar magani a tire, ya ce ai olsa ce ta motsa. Zafin yakan lafa, a koma ciniki. To amma wani lokaci abin da ke ɓoye a saman tumbi, inda maƙoshi ya haɗu da shi, wani ɗan tsiro ne wanda kan iya rikiɗewa ya zama kansa.

Yau likitoci na iya cire irin wannan tsiro ba tare da an tsaga ciki ba. Ana zura siririyar tiyo mai kyamara ta baki, a yi allurar ruwa a ƙarƙashin tsiron domin ya ɗago, sannan a ɓare shi da 'yar wuƙar lantarki. Likitocin Japan ne suka inganta wannan dabara a ƙarshen shekarun 1990. Sai dai sharaɗinta guda ne: a tarar da tsiron tun bai nutsa cikin naman tumbi ba. In ya nutsa, sai babbar tiyata.

A nan gizo ke saƙa. A Koriya ta Kudu, gwamnati na duba cikin mai shekara 40 zuwa sama duk bayan shekara 2. Mu kuwa sai ciwo ya kayar da mutum ake kai shi babban asibitin Damagaram, wani ma har Yamai, inda aka soma gashin kansa a 2021. Kafin nan jari ya ƙare a hanya.

Babban sanadi kuwa sananne ne: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda aka tabbatar tun 1994 tana jawo kansar tumbi, kuma magani na kashe ta cikin kimanin mako 2. Yawan gishiri da taba suna ƙara haɗarin, ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac kuma suna cin tumbi.

Don haka, 'yan kasuwa maza da mata, wanda ya ga yana ramewa, ko abinci na maƙale masa, ko aman jini, ko baƙin bahaya kamar kwalta, ya bar rumfa ya nemi likita. Hukuma kuma ta kusanto da wannan na'ura da masu sarrafa ta ga talaka. Rigakafi ya fi magani.