Gwangwanin Gawayi Ba Kayan Banza Ba Ne

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa masu bin mota kowace ranar kasuwa, muna so mu ja kunnenku kan wata al'ada da ta shigo garejoji. Mota ta fara warin fetur, ko ta yi gardamar tashi bayan an sha mai, sai makanike ya zaro wani baƙin gwangwani daga jikinta ya yar, ya ce kayan Turawa ne, ba shi da amfani a ƙasarmu. Mu ba mu yarda ba.

Gwangwanin nan cike yake da gawayi. Shi fetur tashi yake yi ko ba a ɗora shi a wuta ba, balle da zafin bazara. Tururin da ya taso daga tanki, gawayin ke kama shi ya riƙe har a ta da mota, sa'an nan wani ɗan bawul ya buɗe, inji ya zuƙe shi ya ƙone. Watau man da ka saya da guminka ne ake maido maka. A Amurka tun 1971 aka tilasta sa shi a sababbin motoci. To, mu da aka janye mana tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, ashe mu ne za mu bar fetur ya bi iska?

Cire shi ba ya ƙara wa mota ƙarfi ko kaɗan. In an bar tiyon a buɗe, ƙurar hunturu ta sami ƙofar shiga tanki, tururi kuma ya fito inda mai tuya da mai shayi ke hura wuta a tasha. Cikin tururin nan akwai guba mai suna benzin, wadda ke jawo sankarar jini, direba da yaron mota kuwa su ne za su wuni suna shaƙa. In an toshe tiyon, tanki ya kasa numfashi, famfon mai ya sha wuya.

Galibi abin da ke kashe gwangwanin shi ne ɗurar da ake yi a gidan mai, a jijjiga mota a cika har wuya, fetur ya malala ya jiƙe gawayin. Haba jama'a! In famfo ya tsaya da kansa, a tsaya. In wari ya taso, a fara duba murfin tanki da tiyo da bawul. In gwangwanin ne ya mutu, a sa wani a gurbinsa, kuma mai mota ya tsaya a kai har a ɗaura.