Kokawar Kamfanoni Uku Bisa Akwatin Wasa, Da Wanda Ya Yi Kaye A Sakkwato

Mai karatu ya sani, akwai wani ciniki da ya shigo garin nan ba da ganga ba, ba da shela ba, har ya zauna daram, alhali manyan kasuwa ba su shimfiɗa masa tabarma ba, malamai kuwa ba su san shi ba sai ta bakin almajirai. Shi ne cinikin akwatin wasa, wanda ake haɗawa da talabijin, samari biyu su zauna gabansa kowa da madanni a hannu, suna buga ƙwallo da yatsu. Ɗakin da ake yin wannan shi ake kira gidan gem. Wanda ya ratsa Unguwar Rogo bayan la'asar ba zai rasa jin ƙugin ƙaramin inji da ihun yara daga wani shago mai labule ba. Ga yaro wasa ne. Ga mai shago kuwa jari ne, wani ma rance ya ciwo ya zuba, saboda haka ya wajaba a san masu ƙera akwatin nan, a san inda ƙarfin kowanensu yake.

Su uku ne a duniya yau: Nintendo da Sony, dukansu na ƙasar Japan, sai Microsoft na Amurka. Da akwai na huɗu, Sega, wanda dattawan samari ke tunawa da akwatinsa mai kaset, amma ya sha kaye, ya bar ƙira tun 2001.

Nintendo shi ne babba ga shekaru. An kafa shi a birnin Kiyoto cikin 1889, sana'arsa ta fari kuwa buga karta ce, abin da malami zai ji ya gyaɗa kai ya ce dama. A 1983 ya fitar da akwatin da ya ɗaukaka sunansa, wanda jabunsa na ƙasar Sin sunka cika kasuwannin ƙasar nan daga baya, yara sunka san Mario da tsalle-tsallensa ba tare da ko kwabo ya koma Kiyoto ba. Sony kuwa fushi ya shigo da shi fagen. Su biyu sun ƙulla za su ƙera akwati mai faifai tare, sai a 1991 Nintendo ya juya baya a bainar jama'a, ya kama hannun kamfanin Philips. Sony ya haɗiye wulaƙancin, ya bar wani injiniyansa mai suna Ken Kutaragi ya ci gaba da aikin, ran 3 ga Disamba 1994 PlayStation ya fito. Ya sayar da fiye da miliyan 100. Na biyunsa, wanda ya fito a 2000, ya haura miliyan 160. Tun daga nan ba a sāke raina Sony ba.

Microsoft shi ne auta, a 2001 ya shigo da Xbox, amma shi ne attajirin cikinsu, nesa ba kusa ba. Domin mai karatu ya gane girman aljihunsa, a watan Oktoba 2023 ya kammala sayen kamfanin Activision Blizzard, masu tsara wasanni, a kan dala biliyan 68.7. Kasafin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya na 2025 kuwa naira tiriliyan 54.99 ne, wanda in an juya shi bisa naira 1,500 kowace dala bai cika dala biliyan 37 ba. Watau abin da kamfani guda ya biya a ciniki guda ya kusa ninka kasafin ƙasa sau biyu. Kafin wannan ma ya sayi masu Bethesda a kan biliyan 7.5.

To, ga mamaki. Duk da wannan dukiya, Microsoft shi ne na baya cikin ukun wajen sayar da akwati, har ya daina faɗin adadin abin da yake sayarwa tun 2015, kowane ɗan kasuwa kuwa ya san wanda ciniki ke yi wa kyau ba ya ɓoye lissafi. Asalin rauninsa daga 2013 ne. A shekarar nan ya yi shelar Xbox One, ya ce dole akwatin ya gaisa da intanet sau ɗaya kowane kwana, ya kuma sa tarnaƙi ga sayar da faifan da anka riga anka yi amfani da shi. Jama'a sunka yi ca. Sony ya ga ƙofa a buɗe, ya ce nasa PlayStation 4 ba ruwansa da wannan, kowa ya ara wa ɗan'uwansa faifai yadda ya so, ya kuma sa masa dala 399 alhali na abokin hamayya 499 ne. Microsoft ya janye maganarsa cikin 'yan kwanaki, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. PlayStation 4 ya kai miliyan 117. Shekara goma bayan haka, Phil Spencer, shugaban sashen Xbox a lokacin, ya yarda da bakinsa cewa wannan ne zangon da ya fi muni a faɗi cikinsa, gama a nan ne mutane sunka fara tara wasanninsu cikin akwati, wanda ya tara kuwa ba ya ƙaura.

Da ya ga haka sai ya sāke dabara. Tun 2017 ya buɗe abin da yake kira Game Pass, watau mutum ya biya kuɗin wata, a buɗe masa rumbun wasanni ɗaruruwa, kamar mai hayar ɗaki, ran da ya daina biya a rufe ƙofa. A watan Oktoba 2025 ya kai babban matakinsa dala 29.99 kowane wata. Daga 2024 kuma ya fara kai wasanninsa na kansa bisa PlayStation, abin da a da ba a ko mafarkinsa. Mai rumfa in ya fara kai hajarsa rumfar maƙwabci a sayar masa, an san wanda masu saye ke tsayawa wurinsa.

Nintendo ya fita daga tseren ƙarfin inji, ya bar su biyu suna yi. Akwatinsa yanzu shi ne mai rauni ga ƙira, amma yana da abin da ba ya sayuwa, watau Mario da Zelda da 'yan'uwansu, waɗanda ba a samu bisa akwatin kowa sai nasa, da wuya kuma ya rage musu kuɗi ko sun tsufa. Yakan faɗi: Wii U na 2012 bai kai miliyan 14 ba. Yakan kuma tashi: Switch na 2017, wanda ake riƙewa a hannu ko a jona da talabijin, ya wuce miliyan 150, magajinsa Switch 2 kuwa da ya fito ran 5 ga Yuni 2025 ya sayar da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu.

Wannan shi ne hali a can. Amma ma'aunin da ake auna su da shi a Tokiyo da Landan ba shi ne mudun Sakkwato ba, a nan kuwa kuskuren ɗan kasuwa ke shigowa, ya ji labarin rediyo ya ɗauki kuɗinsa ya saya bisa labarin. A gidan gem na garin nan PlayStation ne sarki, har yara ba su ce za su gidan gem wani lokaci, sai su ce za su buga PS. Dalilin sarautarsa kuwa ba wanda Sony ke alfahari da shi ne ba.

Abin da yaran ke nema ƙwallon ƙafa ne, sai ɗan dambe da tseren mota. Wasannin ƙwallon nan biyu, na Konami da aka sani da PES, wanda ya koma eFootball a 2021, da na EA da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, ba mallakar Sony ba ne, akwai su bisa Xbox. Abin da ya raba gardama shi ne yawa da sabo. Akwatunan Sony miliyoyi sunka tsufa a Turai da Amurka, sunka gangaro Legas a matsayin tokumbo, daga Alaba sunka hau mota zuwa Kano da Sakkwato. Inda abu ya yi yawa nan kayan gyaransa ke yawa, nan mai gyara ke koyon cikinsa. Madanni shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a gidan gem, gama yaron da anka ci shi uku da nema ba ya tausaya masa, na PlayStation kuwa ana samunsa, na asali da jabu, ba sai an yi aike mai nisa ba. Hannun yaro ma ya saba da shi tun yana ƙarami, in an miƙa masa wani sai ya ce ba ya jin daɗinsa, ya tafi shagon gaba.

Xbox kuwa giwa ce a garin wani. Rumbunsa na haya intanet mai ƙarfi yake so, da katin banki mai biyan dala, wasa guda kuma yakan ci data mai yawan da zai kwashe ribar mako. Ƙaramin akwatinsa mai araha, Series S, ba shi da ko bakin da za a sa faifai. Ga kuma tsohon tabo: Xbox 360 na 2005 ya yi suna wajen mutuwa in ya ɗau zafi, har a 2007 kamfanin ya ware fiye da dala biliyan ɗaya domin gyara wa mutane. Wannan alheri bai iso ga mai sayen tokumbo ba, garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta shiga ko'ina, ba ya mance irin wannan labari da wuri.

Na Nintendo ya fi ban tausayi, domin bisa hankali shi ya fi dacewa da ƙasar da wuta ba ta zama. Switch yana da batir, wutar da yake sha kuwa ba ta kai ta fanka ba, alhali PlayStation 5 yana jan kusan wat 200 in wasa ya yi zafi. Amma akwati ne na mai gida ɗaya, yana shiga aljihun riga, mai shago kuwa ba ya son hajar da sai ya tsare ta da ido. Ƙwallon da EA ya yi ta kai masa shekaru da dama ma ragagge ne, ba irin na sauran ba.

Sai dai sarautar Sony a nan sarauta ce da ba haraji. Ribar masu ƙera akwati ba ga akwatin take ba, sau da yawa ma da hasara suke sayar da shi farkon fitowarsa, ribar tana ga kason da suke cira daga kowane wasa da anka saya, kusan kashi 30 cikin 100, da kuɗin wata. Tsohon akwatin da anka buɗe cikinsa anka cika shi da wasanni a kasuwa ba ya aika musu da komai. Hukuncin wannan ɗura, da na 'yar cacar da wasu samari ke ƙullawa bisa wasa, da na almajirin da ke zamewa daga karatun yamma, yana hannun malamai, kuma ya kamata su san abin da idonsu kafin su yi magana a kansa. Abin da ya shafi kasuwa shi ne, kamfanin da ba ya cin riba a gari ba ya ƙera kaya domin garin, dukansu uku kuwa yanzu hanyar intanet sunka nufa. PlayStation 5 Pro na 2024 ya fito a dala 699.99 ba wurin faifai. Wasu wasannin Switch 2 katinsu mabuɗi ne kurum, sai an sauko da wasan daga intanet. Ran da tsofaffin akwatuna sunka ƙare, abin da zai gangaro Alaba a madadinsu ba zai yi biyayya ga mai shago kamar na da ba.

Ga tsada kuma ta ɓangare biyu. PlayStation 5 ya fito a 2020 kan dala 499. Bisa canjin gwamnati na farkon 2023, kusan naira 460, wannan bai wuce naira 230,000 ba. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, dala ta haura 1,500 a 2024, kuɗin ya tasam ma naira 750,000, ba a sa kwastan da mota ba. A da akwati yana tsufa yana araha, amma a 2025 Sony da Microsoft duk ƙari sunka yi. Fetur ɗin inji, wanda bai kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayu 2023, ya wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Yaron da ke biya kuwa aljihunsa bai ninka ba.

Sa'an nan akwai abokin hamayyar da ba ya cikin ukun, shi ne wayar hannu. Saurayin da ya sami Tecno ko Infinix yana buga eFootball ko Call of Duty a zaure ba tare da ya biya mai shago ba. Call of Duty ɗin nan kuwa na Activision ne, watau tun 2023 na Microsoft ne. Wanda anka hana shiga ta ƙofar gidan gem ya shigo ta aljihun yara.

Saboda haka mai niyyar zuba jari ya bar tambayar wane kamfani ya fi ƙarfi a duniya, ya tambayi mai gyaran da ke kusa da shi wane akwati yake iya buɗewa, ya lissafa man da injinsa zai sha kafin ya lissafa kyan hoto. PlayStation 4 mai lafiya zai fi mai da kuɗinsa da wuri bisa sabon da anka ciwo bashi dominsa. In kuwa lalle sai PlayStation 5, wanda ya riga ya wuce miliyan 80 a 2025, to iri biyu ne, ya duba da kyau kada kamanninsu su ruɗe shi. A farashin Amurka na watan Agusta 2025, mai wurin faifai dala 549.99 ne, marar shi 499.99. Wanda ya ɗauki na biyu domin ya tsira da dala 50, in ya dawo neman wurin faifan daban, dala 79.99 za a ce masa.