Shawararmu a Kan Labarun Dawaki na Gasar Karatu

 Kowa ya sani ƙungiyarmu ta karatu ta shirya gasa a wannan zango, watau kowane ɗaki ya karanta littattafai biyar kafin hutu, ran Alhamis da dare kuwa a taru a yi muhawara a kan abin da aka karanta. An kuma yarda littattafan duka su zama na labarin doki. Har nan ba wanda ya ja. Amma da aka zo wajen zaɓen littattafan sai gardama ta tashi, aka yi zama biyu ba a daidaita ba. Mu da muka fito daga ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba mu ce kome ba a wurin taron, gama an ce dokin mai baki ya fi gudu, mu kuwa bakinmu da nauyi. Saboda haka muka roƙi mai kula da wannan mujalla ya ba mu fili mu faɗi namu a rubuce.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Mu masu koyon aikin malanta ne, littafin da muka saba da shi a nan shi za mu ɗauka mu shiga aji da shi in an rarraba mu makarantu. Yaron ƙauye kuwa, in littafin da aka fara miƙa masa bai shiga ransa ba, da wuya ya sake miƙa hannu ya karɓi na biyu. Ashe ke nan ba don kanmu kaɗai mu ke wannan zaɓe ba.

To, masu gardama sun kasu kashi biyu. Kashi na fari sun ce a ɗauko littattafan Ingila na labarin ƙuru. Ga wanda bai san su ba, wani irin littafi ne na yara da ya yawaita can tun wajen 1930. Galibi yarinya ce ta ke marmarin ta mallaki ƙuru, ta samu da ƙyar, ta koya masa tsallake shinge, daga ƙarshe ta ci sukuwa. Wanda suka fi ambata shi ne National Velvet na Enid Bagnold, na 1935, labarin 'yar wani mahauci da ta ci doki a ƙuri'a, ta yi shigar maza ta hau shi a babbar sukuwar ƙasarsu. Hujjarsu ita ce karanta irin waɗannan zai gyara mana Turanci, ga shi kuwa jarrabawa tana tafe.

Kashi na biyu suka ce, a'a, yaushe Bakatsine zai tafi Ingila neman labarin doki? Suka tuna mana da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da ɗansa Sarki Usman Nagoggo, wanda ya gaje shi har 1981, yadda suka shahara wajen kiwon dawaki da wasan ƙwallon doki har aka san Katsina da shi a ƙasashen waje. Suka ce a 2024 ma hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Don haka su ba su son kome sai labarun mazaje, na sulke da lifidi da ƙarar takubba.

Ko wane kashi yana da tasa gaskiya. Amma akwai tambaya guda da ba mu ji an yi ba: wane yaro ne za mu karanta wa waɗannan labaru?

Mu mun san shi, don mu ma shi ne jiya. Ɗan manomi ne na wajen Bakori ko Ɗanja, ko Kafur, ko Ɗandume. Ƙasarsu ƙasar auduga ce da masara da dawa, abin da ubansa ya ke fahari da shi kuwa shanun noma ne da garma, da jaki, in hali ya samu da babur. Doki ba ya huɗa a gonarsu. Inda ya san doki wuri biyu ne. Na ɗaya ran Sallah, sa'ad da Sarkin Maska ya hau a Funtuwa ko Galadima a Malumfashi, shi kuwa yana tsaye bakin hanya ƙura tana bulbule shi. Na biyu kuma a bakin barga, inda ya kan kai ciyawa da damina, ya kai harawa da rani, a ba shi 'yan kuɗinsa ya koma. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki wannan dami a ka, mun san nauyinsa, mun kuma ga ana zuba wa doki dawar da za ta ci da gida guda. Doki yana bukatar dawa da dusa da harawa da kanwa, da mai ba shi ruwa, da mai share masa turke safe da yamma. Shi ya sa tun fil azal ya zama dabbar sarakuna da attajirai.

Tarihi ma haka ya nuna. Wanda ya duba Tarihin Kano, da ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, zai ga an ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, ya kan kuma aika wa Kwararrafa da dawaki su aiko masa da bayi. Watau duk labarin dokin yaƙi mutum biyu ne a cikinsa, akwai wanda ke bisa sirdi, akwai kuma wanda ya ji sukuwa ya jefar da fartanya ya faɗa cikin dawa. A ajin da za a ba mu jikokin dukansu biyu za su zauna a benci ɗaya. In muka karanta musu labarin mahayi kaɗai, mun gaya musu rabin gaskiya. In kuwa muka ba su na 'yan matan Ingila kaɗai, ƙarfinsu duka zai ƙare wajen tambayar mene ne shinge, mene ne ƙanƙara, kafin su kai ga dokin sun gaji. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Saboda haka ga ma'auni uku da mu ke roƙo a auna kowane littafi da su. Na fari, yaro ya iya ganin dokin a zuciyarsa kamar yana gabansa. Na biyu, a nuna masa mutanen da ke ƙasa, watau zagi da ɗan barga da mai yankan ciyawa da manomin da aka bi ta gonarsa. Na uku, a nuna masa dabba ma tana jin zafi, tana kuwa da hakki a kan mai ita. Ba lalle littafi guda ya cika ukun ba, amma biyar ɗin in an haɗa su su cika.

Bisa ga wannan, ga waɗanda muka zaɓa.

Na ɗaya, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, wanda aka buga a Zariya a 1951. Da shi ya kamata a buɗe, gama ba mu taɓa ganin yaron da aka karanta wa labarin Iliya da dokinsa Ƙwalele ya yi gyangyaɗi ba. Akwai kuma abin lura a cikinsa ga masu gardamar nan duka. Tushen labarin daga ƙasar Rasha ya ke, na wani jarumi da su ke kira Ilya Muromets, amma marubucin ya ɗinka masa riga da rawani har ba mai cewa baƙo ne. Masu cewa ba ruwansu da na waje su sani sun daɗe suna shan ruwan wata rijiya. Masu son na waje kuma su ga yadda a ke saukar da baƙo a gida.

Na biyu, Ganɗoki na Malam Bello Kagara, na 1934. A nan masu son mazaje za su ƙoshi, ga yaƙi da Turawa a zamanin Sarkin Sudan na Kwantagora, ga kirari, ga Hausa mai gishiri. Amma sharaɗinmu shi ne kada a karanta shi shi kaɗai.

Na uku, abokin tafiyarsa, shi ne Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma na 1934. Za a ce mana wannan ba labarin doki ba ne, mun kuwa yarda. Amma daga harin da mahaya suka kai masifar gidan su Umar ta faro, har aka raba ɗa da uwa, ta bi sawunsa ita ma ta faɗa cikin bauta. Wanda ya karanta Ganɗoki a mako guda, ya karanta wannan a mako na biye, ya ga doki ta gaba ya kuma gan shi ta baya. Muna roƙo a yi masa rangwame a shigar da shi.

Na huɗu, Black Beauty na Anna Sewell, na 1877. Cikin na Turanci duka shi muka fi so, ga kuwa dalili. Matar nan tun tana yarinya ta ji ciwo a ƙafafu, ta zama ba ta iya tafiya mai nisa sai a keken doki, don haka ta san dawaki sanin gaske. Wannan ne kaɗai littafin da ta rubuta, ta rasu a 1878, 'yan watanni bayan fitowarsa. Dokin ne da kansa ke ba da labari, yadda ya tashi cikin gata, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya koma jan keken haya a birnin Landan. Littafin cike ya ke da 'yan barga da masu tuƙi da matalauta, irin mutanen da yaronmu zai gane nan da nan. A zamaninta masu arziki su kan ɗaure kan doki sama da wata igiya don ado, har ya kasa sunkuyawa ya ja kaya a kan tudu, ta nuna muguntar wannan a fili. To, mu fa? Wa bai taɓa ganin doki ran Sallah an zabure shi da ƙaimi, an kuma finciko shi da linzami gaban sarki, kumfar bakinsa ta koma ja ba? Muna so a yi wannan muhawara ran Alhamis, a yi ta da ladabi, ba don a zargi kowa ba. Mu da muka yi makarantar allo mun san an hore mu da tausayin dabba tun kafin mu ji sunan Ingila. Wani ya ce a taron, ai doki ba ya magana. Aku fa na Magana Jari Ce, da gizo da ƙoƙi na tatsuniyar kakanninmu, a wace makaranta suka koyi Hausa?

Na biyar ba ya cikin ɗakin karatu, don ba a rubuta shi ba tukuna. Shawararmu ita ce mu rubuta shi da kanmu. In an tafi hutun tsakiyar zango, kowa ya nemi dattijo guda a garinsu wanda ya yi zama da dawaki, ko tsohon zagi, ko dillali, ko baduku mai ɗinkin kayan doki, ko maƙeri mai ƙera linzami da likkafa. A gaishe shi, a zauna a ƙasa, a tambaye shi, a rubuto shafi biyu. A tambayi bambancin kili da akawal da bidi da danda da hurde, da yadda a ke horar da duƙushi, da yadda a ke gane sammore ya kama doki in ya shiga ƙasar tsando, da abin da ingarma ke ci a wata. Yawancinmu mun san waɗannan sunaye a baki, amma in aka jera dawaki aka ce mu nuna sai mu yi ta kame-kame, ƙannenmu kuwa ko sunayen ba su ji ba. In dattijan nan suka kau, da abinsu za su tafi. Wanda kuma bai sami mai doki a garinsu ba ya rubuto na jaki, gama shi ya sha ɗaukar auduga zuwa kasuwa shekara da shekaru ba wanda ya yi masa kirari.

Kada mu ce mun yi ƙanƙanta da wannan aiki. A 1933 ne Dokta East na ofishin fassara a Zariya ya zaga yana roƙon malamai su rubuta labaru da Hausa. Malam Abubakar Imam a sa'an nan yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa ashirin da biyu, ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a shekarar ya gama Kwalejin Katsina. Ba su girme mu ba sa'ad da suka yi abin da mu ke karantawa yau.

Game da National Velvet da 'yan'uwansa, ba mu ce a kore su ba. A bar su a ɗakin karatu, wanda ya gama biyar ɗinsa ya ɗauka ya ƙara, Turancinsa ya ƙaru. Abin da muka ƙi shi ne a sa su a gaba.

Saura magana guda, ta yadda za a fid da ɗakin da ya ci. In yawan shafi za a ƙirga, to, mai saurin juya takarda ya riga ya ci tun ba a fara ba. Mu dai a ganinmu, bayan kowane littafi alƙalan gasa su yi wa kowane ɗaki tambaya uku: wa ya ci da dokin nan, wa ya wahala saboda shi, kuma yaya za ka karanta wannan labari ga yara talatin a Kafur har su roƙe ka ka ci gaba? Ɗakin da ya fi ba da amsa mai ma'ana shi ya ci.

Wannan ita ce shawararmu. In mun yi kuskure malamanmu su gyara mana, 'yan'uwa kuma da suka saɓa mana su amsa a fitowa ta gaba, za mu karanta da zuciya ɗaya. Muna roƙon shugaban ƙungiya ya kawo maganar gaban taro ran Alhamis mai zuwa a jefa ƙuri'a, don kwanakin zango suna tafiya. Haza wasalam.

Daga ɗalibai 'yan ƙasar Funtuwa da Malumfashi.