Fada, wa'azin nan ba namu ba ne

Jama'a, yau zan taɓo abin da na daɗe ina haɗiyewa. Wanda ransa zai ɓaci ya yi haƙuri.

Ranar Lahadin da ta wuce na je Misa a wata majami'a da ba zan kama sunanta ba. Fada ya gama karanta Bishara, ya buɗe waya, ya fara wa'azi. Can sai na ji yana ba mu labarin wani mutum da ya tashi da asuba yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidan maƙwabciyarsa. Dusar ƙanƙara fa! A garin da zafi ke hana mu barci. Tsohuwar da ke kusa da ni ta ce, "Ɗana, me yake cewa?" Na rasa amsa. Da na koma gida na rubuta jimla ɗaya da na riƙe a Google, sai ga wa'azin nan sukutum, na wani limami ne a Amurka. Fassara kawai aka yi mana.

Kada wani ya ce ina gaba da intanet. Ni kaina ɗalibinta ne. A YouTube na koyi wanke kafireton janareta, a nan na koyi canja famfon da ke yoyo, matata kuma ta koyi yanka riga. Amma akwai darasin da na koya da tsada. Mai bidiyon da ke Amurka yana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu ta Najeriya 230 ce. Ka kwafi abin da ya yi ido rufe, ka ƙona kayanka. Dole ka duba naka injin, ka gane cutarsa, sannan ka ɗauki abin da ya dace.

Bambancin shi ne janareta ba ya kara. In ka yi ha'inci ba zai tashi ba. Mu kuwa masu kara ne: a karanta mana abin da ba mu gane ba, mu ce amin, mu ba da baiko, mu watse.

Kayan taimako suna nan birjik, kuma masu kyau. Shafin Vatican na ɗauke da wa'azozin Paparoma. Shafin bishop-bishop na Amurka na da karatun kowace rana. Akwai manhajar Laudate da Universalis, akwai wa'azin Lahadi na Bishop Robert Barron. A karanta, a saurara, a ƙaru. Amma waɗannan itace ne na hura wuta, tuwon kai za ka tuƙa.

Kuma ba ni na fara faɗa ba. Marigayi Paparoma Francis, a takardarsa Evangelii Gaudium ta 2013, ya ware dogon sashe kan wa'azi kaɗai, inda ya nuna cewa mai wa'azi sai ya saurari Maganar Allah, ya kuma saurari mutanensa. A 2024 ya ja kunnen limamai cewa kada wa'azi ya wuce minti 8. Minti 8 daga zuciya ya fi minti 40 na aro.

Za a ce Fada aiki ya yi masa yawa: ƙauyuka biyar ko shida, jana'iza, ɗaurin aure, marasa lafiya. Gaskiya ne, na kuma tausaya. Amma karatun Lahadi ba ba-zata yake zuwa ba. Zagaye ne na shekara 3: Matiyu, Markus, Luka. Tun Litinin an san abin da za a karanta. Katikis na ƙauye da ba shi da data yakan zauna da Littafi Mai Tsarki da fitila, ya fito da maganar da ke sa mutum hawaye.

Ku dubi masu zama a bencin nan. Ga matar da aka sace mijinta, ana ta haɗa kuɗin fansa. Ga manomin da ke tsoron zuwa gonarsa. Ga saurayin da ya gama bautar ƙasa yana zaman kashe wando. Wanda ya rubuta wa'azi a Amurka bai san su ba. Kai ka san su, Fada. Yesu da kansa da abin da mutane ke gani yake koyarwa: mai shuka, mai cuɗa gari da yisti, makiyayi da tumakinsa.

Mu ma da laifinmu. Mun fi tafa wa babban Turanci, har mun sa masu wa'azi suna kunyar magana a sauƙaƙe.

Don haka, Fada, da dukan girmamawa: buɗe intanet ranar Talata, rufe ta ranar Alhamis, ka zaga unguwa ranar Juma'a. Ranar Lahadi ka yi mana maganar da tsohuwar nan za ta kai gida.

Allah ya ba mu kunnen ji.