Gyaran Gida: Ɗigon Da Ke Ƙarƙashin Wurin Wanke-wanke

Mu da muka tashi a Salga, Yandi da Bawku mun san darajar ruwa. Salga ta yi suna da ɗimbin rijiyoyin da suka shayar da fataken goro. Famfon Yandi ya dogara da kogin Daka, wanda kan ja baya da rani. Ba mu manta da kurkunu ba, cutar da sai a 2015 aka tabbatar Gana ta rabu da ita. To, me ya sa muke barin famfo yana zuba a cikin gida?

Ɗigon da ya fi ɓarna shi ne wanda ido ba ya gani, a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda tiyon famfo ko na injin wanki ya haɗu da bututu. A tara kofi a gwada. In ya tara rubu'in lita cikin awa guda, lita 6 ke nan a yini, 180 a wata, fiye da jarka 7 mai cin lita 25. Alhali ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) da mudu guda yake alwala, abin da bai kai lita ba. Ga damshi yana cin katako, yana gayyato gara, yana ratsa bango zuwa ɗakin maƙwabci. A gidan haya mai mita ɗaya kuwa, kowa ne zai biya sakacin mutum guda. Wannan hakki ne.

Gyaran ba wuya. A cire wayar injin daga wuta, a rufe makunnin ruwa, a buɗe famfo ya tsiyaye. A goge mahaɗar ta bushe, a maido da ruwa kaɗan, a taɓa da busasshiyar takarda. Inda ta jiƙe, nan ne ciwon. A sake rufewa, a kwance notin. Galibi 'yar robar da ke ciki ce ta tsufa ko ta karkace. A tafi da ita kasuwa a sayo irinta daidai. Mahaɗar ƙarfe marar roba kuma, a naɗa mata farin tef na masu gyaran famfo, ta ɓangaren da noti ke ɗauruwa. A ɗaure da hannu, sannan a ƙara kaɗan da sifana, domin matsewa da ƙarfi kan tsaga notin roba. A shimfiɗa takarda a ƙasa, a duba da safe.

In bututun ne ya tsage, ko ruwan daga cikin bango yake fitowa, a kira mai gyaran famfo, kada a toshe da tsumma da leda. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Uwargida ta riƙa leƙawa duk Juma'a, maigida kuma kada ya ce sai gobe.

Allah Ya tsare mu daga almubazzaranci, amin.