RA'AYINMU: A Gyara Dokar Gado, Amma A Tuna Da Garke

Tun shekarun 1990 ake ta maganar daftarin sabuwar dokar iyali a Yawunde, wadda za ta haɗa aure, wasiyya da gado wuri guda, amma har yau tana nan a takarda. Muna ganin lokaci ya yi da za a kammala ta, a kuma saurari makiyaya kafin a sa hannu.

Yadda abin yake yanzu, idan mai shanu ya rasu a Garwa ko kewayenta, iyalinsa kan tsinci kansu tsakanin hanyoyi uku. Akwai rabon malamai da alƙalin fadar Lamiɗo, inda matan mamaci ke da tumuni idan akwai 'ya'ya, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Akwai kotunan al'ada da aka tsara a dokar 1969. Sannan ga dokar farar hula ta 1804 da Faransa ta bar mana, wadda ke daidaita ɗa da 'ya a rabo. Duk wanda bai ji daɗin hukuncin wannan ba sai ya garzaya wancan. Kafin a gama shari'a an sayar da bijimai an biya lauya da kuɗin mota, marayu kuwa sun tashi a tutar babu.

Wani hanzari ba gudu ba, garke ba gida ba ne. A cikin garke guda akwai saniyar sadakin mata, da wadda aka ba yaro ran suna, da ta aron haɓɓanaye, da shanun amana da wani ɗan kasuwa ya sayo a Adumri ya ba da kiwo. Duk wannan a kan maigida yake, ba a rubuce ba. Ranar da ya faɗi, shaidar ta tafi da shi. Dokar da aka yi don gidaje da gonakin Turai ba ta san wannan ba.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokoki da abu uku. Na ɗaya, doka ta ce a ware shanun mata, na yara da na amana kafin a taɓa rabo. Na biyu, rabon da aka yi a gaban alƙali da shaidu, magada suka yarda, kotu ta tabbatar da shi ba tare da dogon jeka-ka-dawo ba. Na uku, a kare haƙƙin mata. A 1993 Kotun Ƙoli ta yi watsi da al'adar hana 'ya mai aure gadon ubanta, dokar laifuka ta 2016 kuma ta haramta korar mace daga gidan aurenta ba bisa shari'a ba. Musulunci ya riga ya yanka wa 'ya mace rabonta, baffan da ya riƙe shi da sunan kada garke ya watse, cin amana ya yi.

Mu ma akwai namu aikin. Ku yi wa aure da haihuwa rajista, domin kotu kan nemi takardun kafin ta ba da hukuncin tantance magada. Ku kira malami da shaidu biyu a rubuta kowace saniya da mai ita, da bashin da ake binku a kasuwa. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sa mu cika da kyau.